Waƙar "Marija l-Maltija": Larabci ce? Kuma harshenta ne ya kayar da ita?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibin Larabci ne. Kwanan baya na ci karo da wata tsohuwar waƙa a YouTube mai suna "Marija l-Maltija", wani mutum yana rerawa, makaɗa na taya shi. Kiɗan na Turawa ne, rubutun na boko ne, amma kunnena sai tsintar kalmomi yake kamar na Larabci. An ce ita ce ta zo ta ƙarshe a gasar waƙoƙin Turai saboda ba wanda ya ji harshen da aka yi ta. Wane harshe ne wannan? Kuma da gaske harshen ne ya ja mata?

Amsa: Ɗan'uwa, kunnenka bai yaudare ka ba. Harshen Malta ka ji, masu shi na kiransa Malti, kuma jikan Larabci ne na jini. Ba aron kalmomi ya yi kamar yadda Hausa ta yi ba, daga cikin Larabcin ya tsiro. Batun cewa harshen ne ya kayar da waƙar kuwa, haka mutanen Malta da yawa suka fassara abin, har suka gina shawarar shekaru a kansa. Ni dai ban gamsu da wannan fassara duka ba, kuma zan faɗa maka dalili.

Fara da sunan waƙar, don a nan rubutu ke ɓatar da mutum. A baƙaƙen Malti, j ana karanta ta y ne. Ke nan abin da ke rubuce "Mariya l-Maltiya" ne, kai kuwa da ka yi nahawu ba sai an fassara maka ba: Mariya Bamaltiya, Mariya 'yar Malta. Sauran baƙaƙen ma da ka san makullinsu shi ke nan. X ita ce sh. Ġ mai ɗigo ita ce j ɗinmu, ċ mai ɗigo ita ce c ɗinmu, ż mai ɗigo ita ce z, z marar ɗigo kuma kusan ts. H mai sanda a ka, wato ħ, ta haɗe ha ƙarami da kha. Tagwayen għ suna tsaye a gurbin aini da gaini, sai dai a yawancin wurare ba a furta su, wasalin da ke kusa kawai suke ja. Q kuma, wadda ta gaji ƙafun Larabci, ta koma hamza kamar a bakin mutanen Alƙahira, shi ya sa suke rubuta qalb su ce 'alb, ko ma 'alp idan kalmar ta tsaya ita kaɗai.

Lokacin da nake koyar da kwatanta harsuna, akwai wasan da nakan yi wa ɗalibai a makon farko. Sai in rubuta kalmomi bakwai a allo ba tare da na faɗi harshen ba: It-Tnejn, It-Tlieta, L-Erbgħa, Il-Ħamis, Il-Ġimgħa, Is-Sibt, Il-Ħadd. Ajin yakan yi tsit. Can sai wata daga baya ta fara motsa baki, ta ce "Malam, wannan na huɗun ai Alhamis ne." Daga nan sai ka ji ana rige-rige: Litinin, Talata, Laraba, Juma'a, Asabar, Lahadi. In ƙara musu għoxrin, tletin, erbgħin, ħamsin, sittin, su ce ashirin, talatin, arba'in, hamsin, sittin. In rubuta dinja, l-aħbar, merħba, qabar, żmien, su ce duniya, labari, maraba, kabari, zamani. Sai in tambaye su wace ƙasa ce. Wani ya ce Maroko, wani ya ce Chadi, wani ya ce Labanan. Ba a taɓa samun wanda ya ce wata ƙasa ce ta Tarayyar Turai da akasarin mutanenta Kiristoci ne 'yan Katolika ba. Da na ce Malta, wani yaro ya taɓa tambayata da gaske ko ta kwalba nake nufi.

Ba ta kwalba ba ce. Tsibirai ne a tsakiyar Bahar Rum, kimanin kilomita 90 kudu da Sisili, ƙasa da kilomita 300 daga gaɓar Tunisiya. Duk faɗin ƙasar murabba'in kilomita 316 ne, akwai ƙananan hukumomi da yawa a Arewa da suka fi ta girma, mutanenta kuma sun ɗan haura rabin miliyan. A shekarar 870 rundunar Aglabawa ta ci tsibirin, su ne masu mulki daga Ƙairawan, garin nan dai na mai Risala da ake karantawa a zaurukanmu. Marubuci al-Himyari ya ruwaito cewa bayan yaƙin tsibirin ya zama kango, sai wajen 1048 Musulmi masu jin Larabci suka sake zaunar da shi. Larabcin Sisili da Magrib na wancan zamani shi ne tushen Malti. Normawa, Kiristocin Turai, suka karɓe tsibirin a 1091, a ƙarni na 13 aka kawar da Musulunci daga cikinsa, amma harshen ya ƙi tafiya. An yanke shi daga Alƙur'ani da makarantar allo da rubutun Larabci, ya zauna a bakin manoma da masunta, yana shan kalmomin Sisili da Italiyanci ɗaruruwan shekaru. Mayaƙan coci na Saint John suka mulki tsibirin daga 1530 zuwa 1798, Faransa ta ɗan taɓa, Ingila ta riƙe daga 1800 har zuwa samun 'yanci a 1964.

Abin da ya fito daga wannan tukunya yana da ban mamaki. Kirista ɗan Malta idan zai ambaci Ubangiji Alla yake cewa. Azuminsu na kwana 40 kafin Ista sunansa Randan. Istar kanta Għid ce, wato Idi. Kirsimeti kuwa Milied. Sannan ya juya ya yi maka godiya da grazzi ta Italiya, ya gaishe ka da safe da bonġu mai asali da Faransanci.

Sai ka riƙe wani abu guda, domin shi ne ƙashin bayan amsar tambayarka ta biyu. Ɗaruruwan shekaru Malti ba harshen manya ba ne a ƙasarsa. Kotu da coci da masu ilimi Italiyanci suke yi, daga baya Ingilishi ya zo yana ja da shi. Malti kuwa har laƙabin harshen kicin aka yi masa. Ƙa'idar rubutunsa da ake bi yanzu a 1924 aka fitar da ita, kuma sai a 1934 ya zama harshen hukuma tare da Ingilishi. Wato ranar da Joe Grech ya hau dandamali da waƙar da ka gani a 1971, shekara 37 kacal ke nan da harshen ya samu kujera a ofis. Shi kansa mawaƙin a 1934 ɗin aka haife shi. Mutanen da aka daɗe ana gaya musu harshensu na cikin gida ne, ba na fita kunya ba, idan suka fita da shi aka yi musu dariya sau ɗaya, ba sai an gaya maka inda za su ɗora laifi ba.

Yanzu ga abin da ya faru. Gasar ita ce Eurovision, wadda ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai, EBU, ke shiryawa tun 1956. A 1971 an yi ta a Dublin, a gidan wasan Gaiety, ranar 3 ga Afrilu, ƙasashe 18. Wannan ne karon farko da Malta ta shiga. Dokar lokacin ta ce kowace ƙasa ta yi waƙa da harshenta na hukuma. Malta na da biyu, tana iya ɗaukar Ingilishi, ta ɗauki Malti. Grech ne ya tsara kiɗan da kansa, Charles Mifsud ya rubuta baitocin. Waƙar soyayya ce marar nauyi, mai saurin taki, saurayi na yabon budurwarsa. Sunan da aka zaɓa ma ba a banza ba. Marija suna ne da kusan kowane dangi a Malta ke da mai shi, bikin Santa Marija na 15 ga Agusta yana cikin manyan bukukuwan ƙasar, kuma a ranar ne a 1942 jirgin dakon mai na ayarin da ya ceci tsibirin daga yunwa lokacin yaƙin duniya na biyu ya shigo tashar ruwa. Idan aka ce Marija l-Maltija, kamar ka ce 'yar gida ce ta kowa. Ƙasa mai shekara bakwai ba cika ba da samun 'yanci ta zo gabatar da kanta ne ga Turai, da sunanta a cikin amshi.

Ta samu maki 52, ta zo ta 18. Wanda bai san tsarin ba zai ce ai 52 ba laifi. To a shekarar an kawo alƙalai biyu daga kowace ƙasa, ɗaya matashi ɗaya babba, kowannensu dole ya ba kowace waƙa maki tsakanin 1 da 5, ban da ta ƙasarsa. Ƙasashe 17 sau alƙali biyu, 34 ke nan. Wato ko da mutum ya hau ya yi tari ya sauka, yana da 34 a aljihu, mafi yawa kuma 170. Raba 52 gida 34 ka gani: kowane alƙali ɗaya da rabi ya ba shi. Kaye ne na gaske, babu wani kwaskwarima. Monako ce ta ci da maki 128, kuma ga wani abin da ba a cika faɗa ba: Malta ce ta biyu a jerin masu hawa, Monako ta uku. Wato da Grech ya sauka, wadda za ta lashe gasar ce ta hau, Séverine, da wata waƙar Faransanci mai tashi a hankali har ta cika zauren. Duk alƙalin da ke ɗan juya alƙalami a kan Malta, da ya ji abin da ya biyo baya ya gama yanke hukunci.

Shekara ta zagayo, 1972, aka koma Edinburgh. Malta ta sake tura waƙar Malti, "L-imħabba", wato soyayya, kalmar da kai ka sani da mahabba. Helen Micallef da Joe Cutajar suka rera, kiɗan kuma na Charles Camilleri ne, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan masu tsara kiɗa na ƙasar. Har an cusa 'yan kalmomin wasu harsunan Turai a cikin amshin don a jawo kunnen alƙalai. Maki 48, ta ƙarshe kuma. Malta ta janye shekara biyu, ta dawo a 1975 da waƙar Ingilishi ta zo ta 12, ta sake ɓacewa har 1991.

Daga nan ne hujjar masu zargin harshe ta yi ƙarfi, kuma ba zan ɓoye ta ba. Daga 1977 zuwa 1998 an dawo da dokar harshen ƙasa, sai ya zama Ingila da Ireland da Malta ne ke da damar yin Ingilishi. Malta ta kama wannan dama da hannu biyu. Ta shida a 1991, Mary Spiteri ta uku a 1992, Chiara ta uku a 1998, Ira Losco ta biyu a 2002, Chiara ta dawo ta zo ta biyu a 2005. Dukansu da Ingilishi aka yi su. Ɗan Malta zai ce maka: da harshenmu, kurar baya sau biyu, da harshen Ingila, saura ƙiris mu ɗauki kofi. Me kuma ya rage?

Abin da ya rage shi ne a duba sauran teburin. A daren nan na Dublin, Finland ta yi waƙa da harshenta, wanda in ban da alƙalanta biyu da ba su da ikon ba ta maki, da wuya a samu mai jin sa a cikin masu hukunci, ta zo ta takwas. Fotugal ta zo ta tara da nata. Idan rashin jin harshe ne ke kayarwa, me ya hana su faɗuwa? Idan kuma an ce amon harsunan dangin Larabci ne ke yi wa kunnen Bature nauyi, to Ibrananci ɗan'uwan Larabci ne, ga ha da kha a maƙogwaro, ya ci gasar a 1978 ya maimaita a 1979. Sabiya ta ci da harshenta a 2007, Fotugal a 2017, Yukiren a 2022. Ta ɗaya gefen kuma, Ingilishi bai hana Malta faɗuwa ba: a 2006 a Atina, Fabrizio Faniello ya yi waƙarsa da Ingilishi tsantsa, ya zo na ƙarshe da maki ɗaya tak. Ba wanda ya ce a daina Ingilishi saboda haka. Da Malti aka faɗi, aka ce laifin harshe ne. Da Ingilishi aka faɗi, aka ce laifin waƙa ne. Wannan bambancin hukunci shi ke nuna maka cewa an riga an rataya wa harshen jakar tsaba tun kafin a je Dublin.

Ra'ayina, bayan na saurari waƙar sau da dama, shi ne matsalarta ta salo ce. Malta ta tashi da kiɗan Italiya a kunne. Tun ƙarshen shekarun 1950 ana kama talabijin ɗin Italiya daga Sisili, gasar waƙa ta Sanremo da ake yi a Italiya kuma ita ce madubin kowane mawaƙi. "Marija l-Maltija" ɗiyar wannan makaranta ce, irin waƙar dandalin gari da dare, ƙahonni na tashi, ana tafi. Ga wanda ke zaune a Valletta, babban birnin Malta, daidai take. Ga alƙali ɗan shekara 20 daga Sweden ko Holan a 1971, bayan duk abin da shekarun 1960 suka yi wa kiɗan matasa, ta yi kama da abin da babansa ke saurare. Ƙara da cewa ƙasar baƙuwa ce, ba ta da manyan kamfanonin faifai da za su tallata ta, ba ta san irin abin da zauren ke so ba. Ban ce harshen bai taka rawa ko kaɗan ba. Alƙalin da ya ji Faransanci ko Ingilishi yana da abin kamawa, wanda ya ji Malti ba shi da shi. Amma wannan ɗan nauyi ne a kan kaya, ba shi ne kayan ba.

Akwai kuma abin da tambayarka ba ta taɓo ba, wanda a ganina ya fi maki muhimmanci. Gasar Turai ba ita ce ma'aunin farin jinin waƙa a Malta ba. Grech ya ci gaba da waƙa shekaru masu yawa, a gida da kuma wajen 'yan Malta da suka yi ƙaura. Bayan yaƙin duniya na biyu dubban mutane sun bar tsibirin zuwa Ostareliya da Kanada da Ingila da Amurka, kuma ga wanda ke aikin masana'anta a Melbourne, faifan da ke kiran sunan Marija da harshen uwarsa ba ruwansa da abin da alƙalan Dublin suka ce. Shekarun 1970 ɗin da aka sha kaye a waje su ne shekarun da waƙar zamani ta Malti ta yi tashe a gida. A 1973 aka fara gasar L-Għanja tal-Poplu, wato waƙar jama'a, wadda ta Malti ce zalla.

In kana son ka ji waƙar da 'yan Malta ke ɗauka tasu ta zuciya, nemi "Xemx" ta ƙungiyar The Tramps, 'yan Gozo, ɗaya daga tsibiran Malta, wadda Dominic Grech ya rera. Karanta sunan da makullin da na ba ka: shemsh, wato shams, rana. Waƙa ce mai sanyi, kuma har yau matasan mawaƙa na sake rera ta. Sai kuma ta Sammy Bartolo, "L-Aħħar Bidwi f'Wied il-Għasel". Wannan sunan nakan so in tsaya a kansa, don babu kalmar Turai ko ɗaya a ciki. Aħħar ita ce akhir, tushen da ya ba mu lahira. Wied ita ce wadi, kwari. Għasel ita ce asal, zuma. Bidwi kuwa badawi ce, mutumin ƙauye ko na daji, amma a tsibirin da babu hamada babu raƙumi sai ta koma nufin manomi. Manomin ƙarshe a Kwarin Zuma. Kwarin na nan da gaske a kusa da garin Mosta, waƙar kuma kukan ƙasar noma ce da zamani ke cinyewa, abin da duk wanda ya ga yadda gonakin bakin gari ke komawa filoti zai gane ba tare da tafinta ba.

Wannan ya kawo mu ga dalilin da ya sa kunnenka ya tsinci Larabci da yawa haka. Idan aka ƙirga kalmomin ƙamus na Malti, kusan rabi daga Italiyanci da harshen Sisili suke, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne na Larabci, a cikin sauran kuma akwai na Ingilishi. Da labaran siyasa ko hukuncin kotu ka saurara, da ka rantse wani karin Italiyanci ne, don kalmomin mulki da shari'a da ilimi daga can aka kwaso su. Amma mawaƙin soyayya ba ya buƙatar kalmomin kotu. Zuciya yake nema, da ido, da dare, da wata, da teku, da rai: qalb, għajn, lejl, qamar, baħar, ruħ. Duk waɗannan suna cikin tsohon kason, wanda uwa ke yi wa jariri magana da shi. Ginin jimlar ma na Larabcin Magrib ne. "Ina son ki" inħobbok ce. "Ban sani ba" ma nafx ce, da ma a gaba da sh a baya, kamar yadda ɗan Tunisiya ko ɗan Libiya ke korewa. Mai magana yana sa n a farkon aikatau idan kansa yake nufi, nikteb, ina rubutawa, wanda alama ce ta Larabcin yammaci. Alif mai tsawo kuma ya karkata ya zama ie: bab ta zama bieb, kitab ta zama ktieb. Ke nan laƙabin harshen kicin da aka yi don raini, shi ne ya sa harshen ya dace da waƙa, domin kalmomin kicin da ɗaki su ne na soyayya da kewa.

Sai dai kada ka ɗauka Larabcin makaranta zai ba ka waƙar duka. Zai ba ka kalma nan, kalma can, kamar mai tsintar gyaɗa bayan an yi roro. Sadi da ladi da ɗa mai hannu duk sun narke sun zama s da d da t, wasula sun gajarce, ga kalmomin Italiya a tsakani sanye da rigar Larabci. Ɗan Tunisiya zai fi ka kamawa nesa ba kusa ba.

Akwai ma tsohuwar waƙar gargajiya a ƙarƙashin ta zamanin, sunanta għana, daga ghina ta Larabci. Wani reshenta, spirtu pront, gasar baki ce: mawaƙa na tsaye, masu jita na kaɗawa, wannan ya jefa baiti nan take wancan ya mayar masa da amsa mai ƙafiya, da zambo da habaici, jama'a na bin wanda ya fi kaifin baki. An daɗe ana yi mata kallon waƙar 'yan mashaya da leburorin tashar jirgin ruwa. Su Joe Grech ba għana suke yi ba, kiɗan Italiya da na Ingila suka ɗauko suka sa masa harshen gida, kuma a lokacin wannan kansa ƙarfin hali ne, don hanya mafi sauƙi ga mawaƙin otal ita ce ya kwaikwayi abin da ke tashe a Landan ko Roma.

Tun 1972 Malta ta shafe sama da shekara 50 ba ta sake tura waƙar Malti zalla zuwa babbar gasar ba. A 2000 Claudette Pace ta ɗan saka 'yan layuka na Malti a cikin waƙar Ingilishi. Nasarorin da ƙasar ta samu a gasar yara ma, a 2013 da 2015, da Ingilishi ne. Ta biyun Destiny Chukunyere ce ta ciyo ta, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne da ƙwallo ta kai shi Malta. A gida kuwa iska ta juya. Ƙungiyar The Travellers, su ma 'yan Gozo, sun yi suna da waƙoƙin Malti na zamani tun tsakiyar shekarun 2010. A 2021 aka fara gasar Mużika Mużika ta waƙoƙin Malti. Mawaƙi Aidan ya fito da "Naħseb Fik", ina tunaninki, daga tushen nan na hisabi da ya ba mu lissafi, sannan a 2022 ya shiga zaɓen cikin gida na wakilin Eurovision da waƙar Malti mai suna "Ritmu", ya zo na biyu.

Sai abin dariya na 2025. Miriana Conte ta ci zaɓen gida da waƙar Ingilishi mai kalmar Malti guda ɗaya a amshi, kant, ma'ana rera waƙa. Matsalar ita ce a kunnen mai jin Ingilishi kalmar ta yi daidai da wata ashar mai nauyi, kuma kowa ya san da gangan aka yi wasan. EBU ta ce a cire. Aka canza sunan waƙar zuwa "Serving", ta je Basel ta zo ta 17. A Malta mutane da yawa suka fusata, suna cewa an hana su kalmar harshensu. Ni abin da ya ba ni dariya shi ne kalmar da aka yi wannan faɗa a kanta ba ta cikin tsohon kason ma, daga canto ta Italiya aka aro ta. Da għana aka sa, da ba wanda ya ɗaga gira.

Idan za ka koma kan bidiyon, ga yadda nake ba ɗalibaina shawara su yi. Nemo baitocin a rubuce, ka kwafe su da hannunka a takarda, ka mayar da kowace x zuwa sh, kowace j zuwa y, ka sa aini a duk inda ka ga għ, ƙaf a duk inda ka ga q. Sannan ka ja layi ƙarƙashin duk kalmar da ka gane tushenta mai baƙi uku, ka kewaye wadda ba ka gane ba. Yawancin waɗanda ka kewaye za ka tarar na Italiya ne. Yi wa "Marija l-Maltija" haka, ka yi wa "Xemx", sannan ka ɗauki labari ɗaya daga shafin wata jaridar Malti ka yi masa, ka kwatanta yawan layi da yawan kewaye a takardun uku.